Daga Baitulmalin Sarki Dikko Zuwa Asusun Haɗaka: Tarihin Kwangila A Ƙasar Funtua Da Malumfashi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar kwangila za mu yi, irin ta ƙaramar hukuma: kwalbati, hanyar burji, rumfunan kasuwa, ajin firamare. Tambayar da nake so mu bi ita ce, tun yaushe aikin hanyar ƙauye ya koma hannun ɗan kwangila, kuma wa ke ganin takardar kuɗin? Na zaɓi yankin Funtua da Malumfashi domin nan ne rumbun Jihar Katsina. Masarar Dandume, tumatir da raken Danja, audugar Bakori da Kafur, duk sai sun bi hanya kafin su zama kuɗi. In kwalbati ɗaya ta karye a watan Agusta, mai mota ya ninka kuɗin ɗaukar buhu, kuma manomi ne zai biya.

Mu faro daga zamanin En'e. Bayan Turawa sun naɗa Sarki Muhammadu Dikko a 1906, wani jami'insu mai suna Richmond Palmer ya kawo tsarin Baitulmali a Katsina, kuma zuwa 1911 tsarin ya bazu a masarautun Arewa. Haraji da jangalin da aka tara, gwamnatin Turawa ta ɗauki kasonta, sauran ya shiga Baitulmali. Daga nan ake biyan sarki da hakimai albashi, daga nan ake fitar da kuɗin ayyuka. Kowace shekara a rubuta kasafi, Razdan ya duba.

To wa ke yin aikin? En'e ce da kanta. Tana da sashen ayyuka, da magina, da kafintoci, da leburorin hanya ƙarƙashin heluma, waɗanda sana'arsu ke nan: cike ramuka da share magudanar ruwa. Kada wani ya ce ina yabon zamanin. A farkon lamarin da aikin tilas aka fitar da hanyoyi da yawa, a sa hakimi ya kawo mutane, hakimi ya sa dagaci, dagaci ya kamo talaka daga gonarsa. Kuma Bature ya fi kula da hanyar da za ta kai masa kaya. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua ya isa Ƙauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗa ya zo ɗiba. Injin gurzar audugar kamfanin BCGA, wanda har yau ake kiran unguwarsa Bisije a Funtua, shi ne cibiyar da hanyoyin suka nufa.

Kuɗin daga aljihun manomi suka fito, amma littafin lissafin yana tsakanin Ma'aji, Sarki da Razdan. Wanda ya biya harajin bai isa ya tambaya ba. Irin wannan ne ya sa a watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, kuma a wannan watan ne aka kafa NEPU a Kano.

Da aka shiga siyasar Jamhuriya ta Farko, kwangila ta fara zama ladan biyayya ga jam'iyya. Har sojojin da suka yi juyin mulkin Janairun 1966 sai da suka ambaci masu karɓar kashi goma cikin ɗari a jerin dalilansu. Kun ga kashe-mu-raba ta girmi iyayen wasunmu.

Yanzu ga wurin da nake so mu ɗan zauna, domin a ƙasarmu abin ya faru. A 1975 aka soma Shirin Bunƙasa Noma na Funtua, wato FADP, da rancen dala miliyan 29 daga Bankin Duniya. Shi da na Gusau da na Gombe su ne na farko a Najeriya. Ya haɗa gundumomi biyar: Funtua, Malumfashi, Bakori, Ƙanƙara da Faskari. Cikin shekara biyar shirin ya fitar da ɗaruruwan kilomita na hanyoyin burji, ya tare ruwa da ƙananan madatsai, ya gina cibiyoyin sayar da taki da iri kusa da ƙauyuka. Masarar da muke tinƙaho da ita yau, a wannan lokacin ta zama amfanin kasuwa.

Abin lura shi ne yadda aka yi hanyoyin. Shirin yana da giredodinsa da tifofinsa da injiniyoyinsa, shi ke yin aikin kai tsaye. In hanya ta lalace, an san ofishin da za a je. Shirin yana da nasa aibin: masana da yawa sun soke shi cewa manyan manoma ne suka fi kwasar taki da rance, ga Turawan da ke riƙe da manyan kujeru suna cin albashi mai tsoka daga bashin da mu za mu biya. Amma dattawan ƙauyukanmu har yanzu suna nuna hanya su ce wannan ta zamanin furojet ce.

Da shirin ya ƙare a 1980, sai aka tashi da tambayar da ba a tanadi amsarta ba: wa zai riƙa gyara? Hanyar burji tana son gireda da sabuwar ƙasa a kai a kai. Nauyin ya faɗo kan ƙananan hukumomi, waɗanda a lokacin jarirai ne.

An haife su a gyaran 1976, zamanin Obasanjo, kuma ɗan Katsina Shehu Musa 'Yar'aduwa ne ya rubuta gabatarwar kundin ƙa'idojin. Aka rushe En'e, aka yi ƙananan hukumomi 301 a ƙasa baki ɗaya, Funtua da Malumfashi na ciki, ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kaduna. Babban canjin shi ne tushen kuɗi: yanzu daga asusun tarayya suke zuwa, wato kuɗin mai. A 1979 kuma Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali. Talaka ya huta da wulaƙancin masu karɓar haraji, wannan gaskiya ne. Sai dai wani abu ya biyo baya: mutane suka fara kallon kuɗin ƙaramar hukuma kamar kuɗin da ba na kowa ba. Ciyaman ya yi rijiya, a yi masa godiya kamar daga aljihunsa ya ciro.

Daga nan aka yi ta yanka. Aka ƙirƙiri Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, yau tana da ƙananan hukumomi 34. Tsohuwar Funtua ta haifi Bakori, Danja, Faskari, Dandume da Sabuwa. Kowace sabuwa tana buƙatar sakatariya, motoci da albashi. Sashen ayyuka ya rage suna kawai, gireda ta mutu a bayan sakatariya ciyawa ta rufe ta. Gyaran hanya ba ya kawo bikin yanke ƙyalle, sabuwar kwangila kuwa tana zuwa da kuɗin somin-taɓi. Kowa ya san wanda za a zaɓa. Hukumar DFRRI ta Babangida, wadda aka kafa a 1986 don hanyoyin karkara, ita ma ta sha irin wannan suka: a kankare hanya da rani, damina ta shafe ta.

Tsarin mulkin 1999 ya ƙara wani ƙulli. Jadawali na huɗu ya ɗora wa ƙaramar hukuma hanyoyi, magudanan ruwa, kasuwanni da tashoshin mota. Sashe na 162 kuma ya ce kuɗinta su bi ta asusun haɗaka na jiha. Sai ya zama a jihohi da yawa daga babban birni ake yanke shawarar aikin da za a yi da sunan ƙaramar hukuma, a zaɓi ɗan kwangila, a cire kuɗin tun daga sama. Ka tambayi kansila, ya ce shi ma a allo ya gani.

Dokoki kam an yi su. Ranar 4 ga Yuni 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar bayar da kwangila ta tarayya. Ta ce a tallata aiki, a buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, kada kuɗin somin-taɓi su wuce kashi 15 cikin ɗari (ƙa'idar wancan lokacin ke nan, daga baya an sauya ta), kuma laifi ne a daddatsa kwangila ɗaya gida-gida don a kauce wa tantancewa. Amma dokar ta ayyukan tarayya ce, sai kowace jiha ta yi tata. Katsina ta yi tata a 2017, zamanin Aminu Bello Masari, ɗan Kafur. A 2019 hukumar NFIU ta hana cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ko da yake an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa.

Mutane da yawa sun yi murna da hukuncin, ni ma na yi. Amma ku dubi tarihin nan da kyau. Jakar kuɗin ta tashi daga hannun Ma'ajin En'e zuwa ciyaman, daga ciyaman zuwa gwamna, yanzu ana ƙoƙarin maido ta. Fiye da shekara ɗari ke nan, kuma a duk zagayen ba a taɓa buɗe wa manomi littafin ba. In aka maido wa ciyaman kuɗi littafin yana rufe, wurin rabon ne kawai ya matso kusa da gida.

Bara ni da abokaina biyu mun kai takarda wata sakatariya muna neman bayanin wata kwalbati da ta rufta kafin ta cika shekara. Jami'in da muka samu ya dube mu ya ce, "Samari, wa ya aiko ku?" Muka ce, "Ranka ya daɗe, doka ce ta aiko mu." Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 muke nufi, wadda ta ba ofishi kwana bakwai ya amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar tana aiki a jihohi. Ba mu samu takardar ba, amma bayan mako uku aka kawo siminti wurin.

Saboda haka ga aikin gida. Duk aikin da aka fara a mazaɓarku, ku nemi sanin kuɗinsa, da kamfanin da aka ba, da ranar da aka ce zai gama. Ku nemi takardar da ta lissafa buhun siminti da rodi nawa aka biya. Sannan ku tambayi sunan injiniyan da zai sa hannu cewa aiki ya kammala, domin sai da sa hannunsa ake biyan cikon kuɗi. Ku ɗauki hoto kafin damina da bayanta. Ku je ku uku ko huɗu, da ladabi, a rubuce, ku riƙe kwafi. A Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a, lalatacciyar hanya tana iya hana ɗauki isowa kan lokaci, don haka maganar ta wuce ta buhun masara.

Wanda ke da hoton hanyar zamanin furojet a ƙauyensu, ko kakansa ya yi leburancin En'e, ya ajiye mana a ƙasa, za mu karanta a shiri na gaba. Ku tura wa kansilanku wannan rubutu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in sha Allahu.