Daga Mari Zuwa Kware

Mu da muka tashi a Garu, cikin ƙaramar hukumar Illela, mun san Kware tun kafin mu gan ta. Idan yaro ya cika rashin ji, sai ka ji an ce, "Wannan sai Kware." Garin yana kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato, bayan an wuce Gwadabawa, amma a bakinmu sunansa ya zama abin tsoratarwa. Tsoron nan kuwa yana da tarihi.

A zamanin kakanninmu, matashin da ya fara surutai shi kaɗai ko ya daina barci, gida ne asibitinsa na farko. A kai shi wajen malam a yi tofi, a sha rubutu. Wasu su ce iskoki ne, su nemi 'yan bori. Idan ya fara duka, sai a sa masa mari a ƙafa. Iyaye ba don ƙiyayya suke yi ba, dabara ce ta ƙare musu.

Turawa ma da suka zo, tsarewa suka fi mayar da hankali a kai. Sun buɗe gidan masu taɓin hankali a Yaba ta Legas a 1907, suka kafa doka a 1916, aka sabunta ta a 1958. Dokar ta ɗauki mara lafiya a matsayin wanda za a killace don kare jama'a. Wanda ya fara sauya tunanin shi ne Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya zaunar da majinyata da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, a Abeokuta, ana yi musu magani ba a raba su da nasu ba.

A 1991 gwamnati ta ce a shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci. A tsakiyar shekarun 1990 kuma asibitin Kware ya zama na tarayya. Duk da haka mari bai ɓace ba. A 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta tanadi haƙƙin majinyaci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14. Ke nan yarinyar da ta daina magana bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu, da saurayin da ya faɗa shan ƙwaya a bakin iyaka, su ne ya kamata a fara gani, tun icce yana ɗanye. Amma uwa a Garu sai ta haɗa kuɗin mota da na magani, sannan ta haɗiye maganar maƙwabta, waɗanda za su ce 'yarta ba za ta auru ba.

Doka ta canza, asibiti yana nan, kuma addu'a ba ta hana ganin likita. Abin da ya rage a hannunmu shi ne mu daina razana yara da sunan Kware, domin yaron da aka tsorata da wuri yau, ba zai yarda a kai shi can gobe ba.