Daga Taken Makaɗi zuwa Takardar Tambayoyi

Tun kafin a gina filin kokowa na Langa-Langa a Zinder, ƙauyukan Damagaram suna da nasu ma'aunin zuciyar ɗan kokowa. Bayan kaka, an kai gero rumbu, sai a share fage. Makaɗi ya saki taken gwarzonsa yana kallonsa: ya miƙe yana kirari, layu na karkaɗawa a damtse, ko kuwa ya tsumu har ƙafa ta daina bin umarni? Gwanin makaɗi ya san wanda ake zugawa da wanda ake lallaɓawa. Rubutun sha da guru kuwa, ko me mutum ya ɗauke su, suna kwantar da gaban mai shiga fage.

A 1975 gwamnatin Nijar ta mayar da kokowa gasar ƙasa. An fara a Tawa, Kantu na Maradi ya yi nasara. A shekarar ce kuma Mihaly Csikszentmihalyi, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya fitar da littafinsa kan yanayin da mutum ke nutsewa cikin abin da yake yi har ya manta da kansa da lokaci. Tambayar yadda yanayin zuciya ke shafar aiki ta girme shi. Tun 1908 Yerkes da Dodson suka yi gwaji da ɓeraye, daga baya aka gina ra'ayin cewa zumuɗi matsakaici ya fi haifar da aiki mai kyau.

Wanda ya fi kusa da fahimtar makaɗan Damagaram, a ganina, Yuri Hanin ne, da ya yi aiki da ƴan wasan Tarayyar Sobiyat. Bai yarda akwai matsakaici ɗaya na kowa da kowa ba. Yakan ba ɗan wasa takardar tambayoyi 20 ta Spielberger mai auna fargaba, ya ce ya tuna yadda ya ji gab da wasansa mafi kyau. Makin da ya fito, a ƙara 4 a rage 4, shi ne iyakar da ta dace da wannan mutumin kaɗai. Wani sai gabansa na dukan uku-uku yake kaye, wani sai ya yi sanyi ƙalau. Kowane allazi da nasa amanu.

Na'ura ta biyo baya. A 1984 Hatfield da Landers suka manna wayoyi a kan gwanayen harbin bindiga, suka ga ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa yana lafawa kafin a ja kunama, kamar mai harbin ya daina magana da kansa. A 1996 Susan Jackson da Herbert Marsh suka fitar da tambayoyi 36 masu auna fuskoki tara na nutsewar da Csikszentmihalyi ya bayyana.

Sai dai duk ma'aunan suna da gurgunta. Takarda bayan wasa ake cika ta, kuma wanda ya yi kaye ba ya tuna abu yadda wanda ya sha ƙasa ke tunawa. Wayoyin kai kuwa sun dace da maharbi da ke tsaye cak. Ɗan kokowa, gumi da rairayi da kan abokin karawa za su tsinke su tun a kamun farko. Agogon auna bugun zuciya ya fi sauƙi, amma ba ya bambance tsoro da ɗoki.

Yau ƴan kokowa 80, goma daga kowace ɗaya cikin jahohi takwas, ke neman takobin ƙasa, kyautar zakaran gasar. Kafin alƙali ya busa usur, mai horarwa da makaɗi fuskar yaronsu suke karantawa: yadda ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya murza a tafi, da ko idonsa na kan abokin karawa ko yana yawo cikin ƴan kallo.