Fina-finan ban tsoro a ƙasar Hausa: daga dodon bango zuwa wayar hannu

Fim ɗin ban tsoro shi ne wanda aka shirya domin ya razana mai kallo, ta hanyar fatalwa, ko dodo, ko maita, ko makashin da ba a san fuskarsa ba. A cikin irinsu akwai waɗanda shekaru ba sa kashe musu kasuwa, domin suna da masoya 'yan gani-kashe-ni da suka haddace su, suke kuma maimaita kallonsu. A ƙasar Hausa, waɗanda suka samu wannan matsayi galibi na Indiya ne, kuma akwai dalilin haka.

Asalinsu

Turawa ne suka fara wannan fanni. A 1922 aka fitar da Nosferatu a Jamus, labarin wata gawa mai tashi da dare tana shan jinin mutane. A 1931 Amurka ta fitar da Dracula da Frankenstein, sai Psycho a 1960, da The Exorcist a 1973, wanda ya nuna yadda shaiɗani ya shiga jikin wata yarinya har aka kira limaman coci su fitar da shi.

Indiya ta bi tata hanyar. Mahal na 1949 ya haɗa fatalwa da soyayya da waƙa. A 1976 Rajkumar Kohli ya shirya Nagin, inda Reena Roy ta fito a matsayin macijiya mai rikiɗa ta zama mace, tana bin waɗanda suka kashe mijinta ɗaya bayan ɗaya. Shi ne kuma ya shirya Jaani Dushman a 1979, labarin dodon da ke sace amare. Daga baya Sridevi ta fito a Nagina a 1986.

Zuwansu ƙasar Hausa

Tun farko Bahaushe ya ɗauki silima a matsayin abin tsoro. Ɗaya daga cikin sunayen da aka fara ba ta shi ne dodon bango, saboda mutanen da ake gani suna motsi a jikin bango alhali ba su da jiki. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937. Ranar 13 ga Mayu, 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya ta Kano, mutum 331 suka rasu, kuma mutane da dama suka fassara abin a matsayin azaba.

Daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa shigo da fina-finan Indiya, suka samu karɓuwar da ta wuce ta na Turawa. A ɓangaren ban tsoro dalilin a fili yake. Gawa mai gudun gicciye baƙuwa ce ga Bahaushe, amma macijin da ba maciji ba ne tsohon sananne ne, tun daga Sarki na rijiyar Kusugu a Daura. Haka dodon da ke neman amarya, yana nan cikin tatsuniyoyin da kakanni ke yi wa jikoki. Mai kallon Nagin ba ya buƙatar jin Indiyanci kafin ya gane abin da ke faruwa. Ko a kudancin Najeriya, Nneka the Pretty Serpent na 1994 da sunan macijiya aka fitar da shi.

Arewacin Zamfara

Ƙaura Namoda ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ta Gusau, wanda ya isa garin a 1929. Shinkafi kuwa kasuwarta ta ranar Alhamis ta daɗe tana jawo fatake har daga Nijar. Garuruwa ne da suka saba karɓar sabon kaya, kuma da zuwan kaset ɗin bidiyo fim ya zama haja kamar kowace. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, fina-finan Hausa suka shiga kasuwar, kuma boka da aljani ba su bar cikinsu ba.

A watan Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, aka rufe gidajen silima a jihar. Kallo bai tsaya ba, sai ya koma cikin gida, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa waya. A yau masu tura fim a waya ne dillalan wannan haja, kuma ɗakunan fassara irin su Algaita a Kano sun sa jaruman Indiya suna magana da Hausa.

Tsoron wasa da na gaske

Abin da ya sauya a shekarun nan ya fi ƙarfin na'ura. Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi suna cikin yankunan da hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako. Wayar da ake kallon macijiya a cikinta, ita ce ke kawo bidiyon 'yan bindiga irin su Bello Turji, da hotunan waɗanda aka kashe.

Abubuwan biyu ba ɗaya ba ne. Fim ɗin ban tsoro yana da ƙa'ida: mai kallo ya san wasa ne, shi ya zaɓi ya kalla, kuma labarin yana da ƙarshe. Bidiyon ta'addanci yakan faɗo wa mutum ba shiri, wanda ke cikinsa ɗan wani gida ne da iyayensa ke raye, kuma wanda ya ɗauke shi yana so ne a yaɗa domin tsoronsa ya ƙara shiga zukata. Duk wanda ya tura shi gaba ya yi masa aikin kyauta. Saboda haka magidancin da ke hana 'ya'yansa kallon Jaani Dushman don kada su yi mugun mafarki, ya fi kamata ya fara duba abin da ke shigowa wayarsa ta WhatsApp kafin ya miƙa musu ita.