Takardar shaidar biyan haya a jihar Minesota ta Amurka

A jihar Minesota da ke arewacin Amurka, doka ta wajabta wa duk mai gidan haya ya bai wa ɗan hayarsa takardar shaidar kuɗin da ya biya a shekara, wadda ake kira CRP a taƙaice. Dole ne ta isa hannun ɗan haya zuwa ranar 31 ga watan Janairu na shekarar da ta biyo baya.

Dalili shi ne, hukumomin jihar sun yarda cewa harajin gida, ko da yake sunan mai gida ne a kan takardarsa, daga aljihun ɗan haya yake fitowa, domin a cikin kuɗin haya ake cusa shi. Don haka doka ta ɗauki kashi 17 cikin ɗari na hayar a matsayin harajin da ɗan haya ya biya. Wanda ya biya dala 10,000 a shekara, ana lissafa masa dala 1,700 ke nan. Ba dukkansu ake mayar masa ba. Ana duba abin da iyalinsa ke samu, kuma masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi amfana.

Kowane baligi da ya zauna a gidan yana da tasa takardar, kuma ana raba hayar daidai a tsakaninsu, ko da mutum ɗaya ne ya riƙa biya. Kuɗin ajiya na gyaran ɓarna ba ya shiga lissafi. Gidan da aka yafe wa haraji kuwa, mazauninsa ba shi da abin nema.

Daga shekarar haraji ta 2024, masu gidaje na cike takardar ne a shafin intanet na Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta jihar, ɗan haya kuma yana neman haƙƙinsa a cikin takardun harajinsa na shekara. Mai gidan da ya ƙi bayarwa ba tare da uzuri ba zai fuskanci tara, amma wannan ba ya rage wa ɗan haya wahala, tunda sai ya koma ga hukumar da rasiɗansa ya nemi takardar madadi.

Batun ya fara shafar Najeriya, inda Dokar Haraji ta 2025 ta ba da damar cire kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, daga kuɗin da ake ɗora wa haraji. A unguwanni da dama kuwa, har yanzu da baki ake ƙulla haya, ba rasiɗi.