BABI NA BIYU: TARIHIN DABARUN JAN HANKALI A RUBUTU DAGA GIRKA ZUWA KANO

2.1 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin dabarun da marubuci ke amfani da su domin ya shawo kan mai karatu, tare da nuna cewa ba ilimin boko ne ya fara kawo su Kano ba.

2.2 Asalin Dabarun

Masanin Girka Aristotil, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kasa dabarun gida uku: mutuncin mai magana, da sosa zuciyar mai sauraro, da kuma kafa hujja. An fassara littafinsa zuwa Larabci, inda Alfarabi (ya rasu 950) da Ibn Rushdi (ya rasu 1198) suka yi masa sharhi. Ban da wannan, malaman Musulunci sun gina nasu fannin, wato balaga, mai rassa uku: ma'ani da bayani da badi'i. Wannan fanni ne ɗaliban ilimi ke karantawa a zaurukan malaman Kano, musamman a littafin Jauharul Maknun na Ahadari da Uƙudul Juman na Suyuɗi.

2.3 Dabarun a Kano

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ake ganin irin wannan rubutu, domin nasihar da Shehu Magili ya rubuta masa ta haɗa hujjar shari'a da tsoratarwa, sannan darajar malamin ta ƙara mata nauyi. Haka kuma da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Jawabin Sawaba ya jingina hujjarsa a kan bambancin da ke tsakanin talakawa da masu sarauta, ya kuma taɓa zukata da ambaton halin ƙuncin da talaka ke ciki.

2.4 Ma'aikatan Masana'antu

Bunƙasar masana'antun Bompai, daga baya kuma na Sharaɗa da Challawa, ta tara ma'aikata a unguwanni irin su Dakata. Binciken Lubeck (1986) ya nuna cewa da yawa daga cikin leburorin Kano sun yi karatun allo kafin su shiga kamfani. Saboda haka a yajin aikin neman ƙarin albashin Adebo na 1971, ba lissafin kuɗi kaɗai ya yi tasiri ba. Kalmomin adalci da zalunci da haƙƙi, waɗanda ma'aikaci ya saba ji a bakin malaminsa, su ma sun taimaka wajen haɗa kan jama'a.

2.5 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa ɗalibin da ke koyon rabe-raben Aristotil suna kawai yake samar wa abin da ya daɗe a gidansu. Sai dai tarihin ya nuna cewa dabara ɗaya ba ta wadatarwa: hujja ba tare da mutunci ba ba ta samun masu sauraro, sosa zuciya kuwa ba tare da hujja ba ba ta daɗewa. Babi na gaba zai yi nazarin yadda ake haɗa dabarun uku a takardar koke.