Guduma, maƙera da likkafa: rigimar ƙashi mafi ƙanƙanta a jikinka

1/ Jama'a, akwai likkafa a cikin kunnenku. Ba wasa nake ba. Ƙashi ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, kusan milimita 3, kuma manyan likitoci sun yi ta sa-in-sa kan wanda ya fara ganin sa. Ku biyo ni. 🧵

2/ Bayan dodon kunne akwai ƙasusuwa uku a jere: guduma, maƙera, likkafa. Sauti ya girgiza dodon kunne, guduma ta miƙa wa maƙera, maƙera ta miƙa wa likkafa, ita kuma ta dinga tura wata 'yar taga da ke jikin kunnen ciki, mai siffar katantanwa.

3/ Me ya sa sai an bi ta nan? Katantanwar cike take da ruwa, sauti kuma in ya fito daga iska ya tarar da ruwa, yawancinsa dawowa yake. Wanda ya taɓa nutso a rafi ana kiran sa daga waje ya san wannan. Dodon kunne ya fi tagar faɗi kusan sau 17, to ƙasusuwan sai su tattara ƙarfin su zuba a ƙaramin wuri, ya ninka kusan sau 20.

4/ A 1543 Andreas Vesalius, malami a Padua ta Italiya, ya fitar da babban littafinsa kan jikin ɗan Adam. Ya zana guduma da maƙera. Likkafa fa? Ta wuce shi gaba ɗaya.

5/ Sai 1546 a Naples, Giovanni Ingrassia yana nuna wa ɗalibai waɗancan biyun, ya hangi wani ɗan ƙashi ya faɗo kan tebur. Ya ga kamar likkafa, ya sa masa suna stapes. Romawan dā ba su san likkafa ba, ko kalmar daga baya ta shigo Latin.

6/ Matsalar Ingrassia: bai buga ba. Littafinsa sai 1603 ya fito, shi kuwa ya rasu tun 1580. Kafin nan Pedro Jimeno na Valencia ya riga shi bugawa a 1549, Colombo da Eustachi kowa ya ce ai shi ne.

7/ Wanda ya burge ni a nan Falloppio ne. A 1561 ya rubuta cewa Ingrassia ne ya fara gani, alhali da ya yi shiru ba mai tuhumar sa.

8/ A 1837 Karl Reichert a Jamus ya bi yadda ɗan tayi ke girma, ya gano guduma da maƙera daga tushe ɗaya suke fitowa da muƙamuƙi. Ƙadangare ƙashi ɗaya ne a kunnensa, sauran biyun suna mahaɗar muƙamuƙinsa.

9/ Wani lokaci likkafar kan manne ta daina motsi, ji ya yi ta raguwa a hankali, sau da yawa tun mutum yana matashi. Valsalva ya bayyana hakan a 1704. Kunne mai yawan zubar da mugunya ma yana iya cinye maƙerar, shi ya sa ba na ɗaukar sa ƙaramin ciwo a jikin yaro.

10/ Sai 1956 a Memphis ta Amurka, John Shea ya cire mannanniyar likkafar wata mata, ya sa mata ta roba, ta Teflon. Jinta ya dawo. Har yau wannan tiyatar ake yi, an dai sauya kayan aiki.