Tarihin Jinya da Iskar Oksijin Mai Matsi, da Aikin Ma'aikatan Jinya a Cikinta



A Yola da Jimeta, kamar sauran garuruwan Najeriya, gidaje da yawa sun dogara da janareta idan babu wutar lantarki. Hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari wadda ke hana jini ɗaukar oksijin, har ta kan kashe iyali suna barci. Ɗaya daga cikin magungunan wannan guba shi ne a shigar da majinyaci ɗaki na musamman, a rufe, a ƙara matsin iska ya ninka na waje sau biyu zuwa uku, yana shaƙar oksijin zalla.

A 1895 masanin Birtaniya John Scott Haldane ya nuna cewa ɓera na iya tsira daga wannan guba a cikin oksijin mai matsi. A 1956 likita Ite Boerema ya fara amfani da irin wannan ɗaki wajen tiyatar zuciya a Amsterdam, sannan a 1960 likitocin Glasgow suka yi wa masu gubar hayaƙi magani da shi. Yau har gyambon ƙafar masu ciwon sukari ana yi wa magani haka.

Da aikin ya bazu, kulawar yau da kullum ta koma hannun ma'aikatan jinya, har suka kafa ƙungiyarsu a Amurka a 1985. Nas ce ke auna sukarin majinyaci kafin ya shiga, ta koya masa haɗiyar yawu don kada matsi ya fasa masa dodon kunne, ta lura ko farfaɗiya za ta taso. Ita ce kuma ke caje shi: ba ashana, ba waya, ba man shafawa, sai tufafin auduga, domin oksijin na rura wuta. A 1997 gobara ta tashi a irin wannan ɗaki a Milan ta Italiya, majinyata 10 da nas ɗaya suka mutu.

Ɗakin na da tsada, ba kowane asibiti ke da shi ba. Amma oksijin da nas ke sa wa mutum ta abin rufe hanci da baki ma yana fitar da gubar da sauri. Wanda ya tashi da ciwon kai, jiri ko amai bayan kwana kusa da janareta, a fitar da shi sarari, a garzaya asibiti. Janareta kuwa a ajiye shi waje, nesa da taga.

Allah Ya kiyaye mu baki ɗaya.